Kafaɗar Hagu ta Uwar Soja

Na ji kuna cewa gyara ba ɗinki ba ne, wai ko wanda ya shigo shago jiya sai a miƙa masa. Ban tanka muku ba, domin ni tun ina yarinya bakina ba ya saurin buɗewa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na tsufa ina taka keke a Birnin Gwari, kuma kayan da na fi ɓatawa a rayuwata ba sabon yadi ba ne. Gyara aka kawo.

Aikin farko da Baba ya ba ni wandon wani ɗan doka ne da ya matse shi. Bai ce in ɗinka ba. Rabin reza ya miƙo mini, ya ce in farke gefe ɗaya, kada in taɓa yadin, kada kuma in tsinka zaren, don za a sake amfani da shi. Yini guda na yi a kai. Da na gama ya ɗaga wandon ya duba a hasken ƙofa, ya ga rami ɗaya ƙanƙane inda rezar ta kufce mini. Ya ce, "Asabe, gobe ki farke ɗaya gefen." Wata shida ina farka kafin ya bari ƙafata ta hau keke.

Malam Garba tela ake ce wa Baba. A zauren gidanmu yake aiki, kusa da kasuwa. Kekensa ɗaya ne, baƙi, na ƙafa. Yana da alli, da dutsen guga na gawayi, da almakashi wanda yake rataye a ƙusa, ba mai taɓa shi sai shi. Tef ne ba shi da shi. Da taƙi da yatsu yake awo, sauran kuma da ido. In mutum ya kawo ɗinki sai ya zaunar da shi ya yi ta jan sa da hira, ya tambayi gona, ya tambayi shanu. Can sai ya ce, "Don Allah miƙo mini wancan zaren," alhali ba ya bukatarsa. So yake ya ga yadda hannun mutumin ke tashi, da yadda bayansa ke lanƙwasa. A lokacin ni na ɗauka surutu ne kawai irin na manya.

Ina aji shida a firamare aka kawo mana malamar ɗinki. Ita ta fara ba ni tef, mai ruwan ɗorawa, da lambobi a gefe biyu. Ta koya mana doka guda wadda ta ce ita ce uwar ɗinki: a ninka yadi biyu, a yanka tare, dama da hagu su fito daidai kamar tagwaye. Na fi kowa iyawa a ajinmu. Ina da ido a kan ƙananan abubuwa. Nakan gane inda tela ya sauya zare a tsakiyar ɗinki, da inda allura ta yi tsalle, da rigar da aka goge da dutsen da ya cika zafi. Fuskar mutane ce ba na iya kallo. In babba yana mini magana, idona na kan ƙafarsa ko kan abin da ke hannunsa.

Wata babbar riga nake tunawa da ita in an ce shekarar wahala. Lokacin yaƙin basasa ne. Wani Bafulatani ya kawo ta daga ruga, ta mahaifinsa ce, ya ce a fitar masa da taguwa uku ta yara a cikinta. Baba ya fitar da uku, har da hula. A shekarar yadi ya daina zuwa kasuwa yadda aka saba, wanda ya zo kuma ba na talaka ba ne. Allurar keke ta yi wuya, in ta dakushe Baba ya wasa ta a dutse. Da bel ɗin keke ya tsinke, wurin baduku ya je aka yanko masa fata. Zaren da nake farkowa daga tsofaffin kaya, a kara muke naɗe shi mu sake ɗinki da shi. Sabon ɗinki ya ɗauke, sai gyara: a rage, a ƙara, a juya wuya, a yi maho. Matan da ba sa son namiji ya auna su kuma sai a turo su cikin gida wurina. Ta haka na hau keke kafin lokacina.

Rigar Rifkatu ta zo ranar kasuwa, Baba ya tafi Kaduna neman allura. Bagwariya ce daga wani ƙauye bayan Kakangi, a bakin daji. Uwar Soja mutane ke ce mata, saboda ɗanta Ayuba yana bakin daga. Ta sauke wata ƙatuwar ƙwarya cike da doya a ƙofar zaure. Na lura ƙwaryar ta taɓa tsagewa an ɗinke ta da rama, ɗinki bakwai, na huɗun ya saki. Na lura ƙafarta ta yi kaushi, da jar ƙasa har idon sawu. Iyakar abin da na gani nata ke nan.

Ta ce, "Tela fa?"

Na ce, "Ya yi tafiya, Inna. Sai jibi."

"Ke ce 'yar tasa da ake cewa ta iya?"

Na yi shiru. Ta yi dariya ta ce, "To, mai shiru ba ta ƙarya. Karɓi."

Ta kwance wani ƙunshi. Riga ce ta atamfa, shuɗiya, da zanen ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa a kan reshe. Tana ƙanshin tukunya da hayaƙi, kuma layin ninkinta ya zauna sosai, irin na kayan da suka daɗe a ajiye. Ta ce Ayuba ne ya sayi yadin kafin ya tafi. Sau ɗaya ta saka, ranar da ta raka shi tasha. A ranar ya ce mata, wannan ba ta zuwa itace ba ce, ta ajiye sai ya dawo ya same ta a ciki. Shekara uku rigar na cikin tukunya. Yanzu takarda ta zo, malamin cocinsu ya karanta mata, Ayuba na nan tafe bayan kasuwa biyu. Ita kuma ciwo ya kwantar da ita da damina, ta rame, rigar ta yi mata yawa.

Ta kama ƙugunta da hannu biyu. "Nan za ki rage. Kada ya zo ya ce uwarsa ta zama kara. In saka ki gani?"

Kunya ta kama ni. Ban taɓa sa hannu a jikin mace sa'ar kakata ba. Na ce, "Ba sai kin saka ba, Inna. Ina da tef." Na miƙa mata ta zagaya a ƙugunta da kanta, ta danne da yatsa, na karanta lambar. Ta ɗauki doyarta ta shiga kasuwa.

Na shimfiɗa rigar a tabarma, na ninka ta biyu kamar yadda aka koya mana. Nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Kafaɗar hagu ta ɗara ta dama da yatsa uku. Hammatar hagu ta fi faɗi. Wuyan ma ya karkata gefe guda. Ɗinkin kansa mai kyau ne, ƙanana, a jere, amma yankan duk a karkace. Na ce a raina, wani telan ƙauye ne ya cuci baiwar Allah, ita kuma ba ta sani ba. Na rage ƙugun, yatsa biyu kowane gefe, na kwantar da ragowar a ciki ban yanke ba. Wannan aikin ko yau ba zan ji kunyarsa ba. Da a nan na tsaya da babu labari. Sai na ga ai bai kamata ta tari ɗanta da karkatacciyar riga ba, tunda ga ni na iya. Na farke kafaɗar hagu da hannun, na ɗora dama a kan hagu, na ja alli. Na ɗauko almakashin Baba daga ƙusa. Na yanke abin da ya yi yawa, na mayar da hannun. Riga ta fito daidai kamar ta cikin littafin malama.

Akwai al'ada a wannan sana'a, ku ma kun san ta ko da ba kwa bi. Duk ƙyallen da almakashi ya fitar, na mai kaya ne, a ninke shi a cikin rigar a ba shi. Ni ban ba ta ba. A makaranta an ce kowa ta kawo 'yar jakar ajiye allura, ba ni da yadi, ga kuma tsuntsaye masu kyau. Na yanyanka ƙyallen gida huɗu, na haɗa jaka da shi. Da la'asar Rifkatu ta dawo, ta karɓi rigarta a goge a ninke, ta shafa ta, ta sa mini albarka, ta bar mana doya biyu. Da Baba ya dawo ban gaya masa komai ba. Jira nake ya ji yabon daga bakinta.

Kasuwar da ta zagayo Rifkatu ta dawo, ba ƙwarya, ba doya. Ta zauna a dakalin zaure ta ajiye ƙunshin a gaban Baba.

"Tela, me na yi maka?"

"Subhanallahi. Uwar Soja, lafiya?"

"Buɗe."

Ya buɗe. Ɗinkin kafaɗar hagu ya yage tun daga wuya har hammata, yadin ma ya ɗan tsage. Ta ce da ƙyar ta shiga, da ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali sai ta ji ƙara. Baba ya juya rigar ciki waje, ya bi bakin yankan da babban yatsa. Ya dubi ƙusar da almakashinsa yake. Sannan ya dube ni.

Na ce, murya ƙasa ƙasa, "Karkatacciya ce, Baba. Wanda ya ɗinka tun farko ne bai daidaita ba."

Ya ce, "Ni na ɗinka."

Can ya ce, "Ɗago kanki. Na ce ɗago. Dubi kafaɗarta."

Na ɗago. Ɗaurin ƙirji ta yi, kamar yadda ta yi ranar farko, kafaɗun a buɗe. Ta hagu ta tashi sama ta yi tudu, fatar ta yi baƙi ta yi kanta, wuyanta ya ɗan kwanta dama. Matan Gwarawa a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Na san haka, kullum suna wucewa ta ƙofar gidanmu da itace. Ban taɓa haɗa shi da ɗinki ba. Yatsa ukun da na yanke, Baba ne ya ƙara su don wannan tudun.

Baba ya ba ta haƙuri iyakar iyawarsa. Ya shiga ciki ya ɗauko wani yadi da ya ɓoye tun kafin yaƙi don Sallar Innarmu, ya ce zai ɗinka mata sabuwa kafin gobe. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Ayuba ne ya sayi wannan?"

"A'a."

"To me zan ce masa?"

Ya ce zai koma Kaduna ya nemo irin nata. Ta ce, "Kai ma ka san babu. In akwai ma, ba shi ne ya saya ba." Ta ƙunshe rigarta ta miƙe. "Zan je wurin babbanku."

Babban teloli a lokacin Malam Tanko ne, tsoho mai ɗinkin hula, yana zama a gindin wata ɗorawa a bakin kasuwa. A wurinsa ake kai ƙarar ɗinki, ba a zuwa gaban alƙali. Kafin azahar aka aiko kiran Baba, aka ce har da ni. Teloli biyar ne a zaune. Malam Tanko ya saurari Rifkatu har ta gama, ya juya rigar, ya ɗaga gira.

"Garba, wannan ba yankanka ba ne. Ka tsufa amma ba ka haukace ba."

Baba ya ce, "Almakashina ne, Malam, zaurena ne. Duk abin da aka yanke a kaina yake."

"Na ji. Ina ƙyallen? In yana nan ai da sauƙi, a mayar da shi inda ya fito."

Baba ya duba cikin ƙunshin bai gani ba. Ya dube ni. Na sa hannu a jakar makaranta na fito da 'yar jakar allura, na ajiye a tabarma. Tsuntsu ɗaya na kwance a tsakiyarta, na yi mata har da maɓalli.

Wani tela mai suna Ɗanjuma ya fashe da dariya. "Kai! Boko ta yi rana. An mai da kafaɗar mutum jaka."

Malam Tanko ya ce, "Rufe mana baki, kai da ka taɓa ɗinke wa liman aljihu ta baya."

Rifkatu ta ɗauki jakar ta juya ta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗinkin yana da kyau." Ta ajiye.

Hukuncin teloli a kan ɓarna guda ne. Ana rufe keken wanda ya yi ɓarnar da zane, ba zai taɓa aikin kowa ba sai mai kaya ya ce ya yarda. A shekara irin wannan, rufe keke rufe tukunya ne. Malam Tanko ya ce a rufe na Baba, shi kuma ya gyara rigar da hannu.

Rifkatu ta ce, "Ba shi ba. Wadda ta yanka ita za ta ɗinka. Kuma a jikina, ba a tabarma ba."

Kwana biyu muka yi a ɗakin Innarmu, Rifkatu tana kwana wurin 'yar'uwarta a gari tana dawowa da safe. Ta saka rigar ciki waje ta zauna a turmi. Baba yana bakin ƙofa ta waje, yana faɗa mini abin da zan yi. Na warware jakar allurar, na sami ƙyalle huɗu. Ba su isa ba, don na rage musu baki sa'ad da nake daidaita su. Na ciro siririn yanki daga kalmasar ƙasa. Bai isa ba. Baba ya ce ba makawa sai an yanko ragowar ƙugun nan da na kwantar a ciki. Ya gaya mata gaskiya, in an yanke shi, ko ta warke ta yi ƙiba ba za a iya sake buɗe rigar ba.

Ta ce, "A yanka. Rana ɗaya nake nema."

Na ɗora ƙyalle na farko a kafaɗarta. Wurin da tauri kamar tafin ƙafa. Ta ce, "Danna, ba ƙwai ba ne. Tun ina shekara bakwai yake cin itace." Na riƙa kamawa da farin zare, ina cewa ta ɗaga hannu, ta sauke, ta miƙa gaba. Duk ɗagawa sai wani wuri ya ja, in warware in sake. Ta ce, "Mu a wurinmu kai sarki ne, ba ya ɗaukar kaya. Ku Hausawa kun mai da naku jaki, shi ya sa tunani ya yi muku kaɗan." Innarmu ta yi dariya daga bakin murhu ta ce, "Ai ga shi mun gani a gidan nan." Ni dai ina ɗinki.

Maho bakwai suka hau kafaɗar. Na yi ɗinki mafi ƙanƙanta da na taɓa yi, amma zane ba ya ɓoyuwa. Kan tsuntsu ɗaya ya rabu da jikinsa, wani reshe ya juya ƙasa, shuɗin kalmasar kuma ya fi na sama duhu. Daga taku goma ana gani. Ta juya rigar ta saka daidai, ta ɗaga hannun hagu har sama, ta sauke. Ba abin da ya yage.

Muka koma gindin ɗorawa. Malam Tanko ya ce, "Uwar Soja, kin yarda?"

Ta ce, "Ta shiga jikina."

"Ba haka na tambaya ba."

"A buɗe masa keke, yana da yara."

Aka buɗe. Baba bai doke ni ba, bai kuma ƙwace tef ɗin ba. Mayar da ni ya yi kan reza wata uku. Daga nan duk macen da ta shigo da gyara sai ya ce daga zaure, "Ta saka a gabanki tukuna." Haka na koyi cewa mai daka hannunta na dama ya fi kauri, mai goyo bayanta ya fi faɗi, mai tallan nono wuyanta a miƙe yake. In kun ga tsohuwar riga a karkace, kada ku ɗauki alli sai kun ga mai ita a ciki.

Ranar da Ayuba ya iso, an tashe mu daga makaranta, hanyarmu kuma ta gaban tasha take. Na hango Rifkatu tsaye a rana cikin rigar, da sabon ɗankwali. Ba ta yafa komai a kafaɗar ba. Na tsaya a bayan mai tsire ina riƙe da littattafai. Motar Kaduna ta shigo, mutane suka yi ta dirowa. Wani dogo cikin kaki ya sauko da akwatin ƙarfe, ya ajiye shi, ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa tana ta magana. Ya miƙe yana dariya, ya ja da baya don ya kalle ta da kyau. Sai idonsa ya tsaya a kafaɗar. Ya sa yatsa ya bi mahon ɗaya bayan ɗaya.

Da Gwaranci ya yi maganar, amma wanda ya tashi a garin nan yana tsintar irin wannan. Cewa ya yi, "Mama, ban ce kada ki je itace da ita ba? Shekara uku ma ba ki iya ajiye mini ba?"

Ta gan ni. Na san ta gan ni, don idonta ya tsaya a kaina kafin ya koma kansa. Taku biyar ne tsakaninmu.

Ta ce, "Itace ne. Ka yi haƙuri."

Ya girgiza kai, ya ɗauki akwatinsa. Suka kama hanyar Kakangi, shi a gaba, ita a baya. Ban motsa ba sai da mai tsire ya ce, "Ke 'yar makaranta, saya za ki yi ko matsawa?" Na matsa. Rifkatu ba ta ƙara kawo ɗinki gidanmu ba. Ayuba ya yi shekaru yana wucewa ta ƙofar zaurenmu ranar kasuwa, muna gaisawa, har Allah ya yi masa rasuwa. Ban taɓa gaya masa ba.